Garmaho Ya Dawo: Yadda Matashi Zai Zaɓi Kayan Sautinsa Na Farko

A GIDAJE da dama a cikin Kano, Zariya, Katsina da Jos, in aka ɗaga wata tsohuwar adaka ko aka jawo kwali daga ƙarƙashin gadon Hajiya, za a tarar da faya-fayen garmaho jere cikin jakunkunansu na kwali. Wani na Mamman Shata ne, wani na Ɗanmaraya Jos, wasu kuma na finafinan Indiya ne masu muryar Mohammed Rafi ko Lata Mangeshkar. Maigida ne ya tara su a zamanin samartakarsa, garmahon ya lalace, aka mance da su.

To ga shi yanzu jikokinsa sun tasa. Matashin da ke haɗa ɗakinsa na farko, ko angon da ke shirin tarewa, yana son kayan sautin da za su fitar masa da waƙoƙin Nura M. Inuwa, Umar M. Shareef da Hamisu Breaker daga waya tangararau, sannan yana son ya ji abin da ke cikin faya-fayen nan na gado. Matsalar ita ce kuskure ɗaya wajen saye zai iya cinye kuɗin da aka daɗe ana tarawa. Wani kuskuren ma ya fi wannan muni, domin yana iya kashe faifan da babu inda za a sake samun irinsa.

DAGA FAIFAI ZUWA MAMORI

Babban faifan roba mai juyi 33 da sulusi a minti ɗaya, kamfanin Columbia na Amurka ne ya fito da shi a 1948. A 1949 kamfanin RCA Victor ya kawo ƙaramin faifai mai juyi 45. Kafin su akwai tsohon faifai mai juyi 78, mai nauyi, wanda in ya faɗi sai dai a share, shi ne na garmahon da ake wanawa da hannu. A Nijeriya, kamfanoni irin su EMI sun ɗauki mawaƙan Hausa a faifai. Daga nan kaset ɗin da Philips ya ƙirƙiro a 1963 ya zo ya mamaye kasuwa, sai kuma sidi a 1982.

Waƙoƙin finafinan Hausa ba su riski zamanin faifai ba. Lokacin da Sangaya ya fito a 1999 ya girgiza gari da kiɗan fiyano, a kaset aka riƙa rububin waƙoƙinsa a Ƙofar Wambai da Bata. Daga kaset aka koma sidi, daga sidi aka koma wajen 'yan dawunlodin suna turawa a mamori, yau kuma ga YouTube, Audiomack da Boomplay, har da Spotify da ya shigo Nijeriya a 2021.

Ana cikin haka sai faifai ya farfaɗo a ƙasashen Turawa. A 2022 yawan faya-fayen da aka sayar a Amurka ya zarce na sidi, karo na farko tun 1987. Amfanin wannan ga mai saye a nan shi ne kamfanoni sun koma ƙera injin faifai da allurarsa, saboda haka ana samun sababbi, ba sai gwanjo kaɗai ba.

ABU HUƊU NE

Kafin a doshi Sabon Gari ko Beirut Road a Kano, ko a yi aike Alaba a Legas, ya kamata mai saye ya san cewa kayan sauti abu huɗu ne ke aiki tare.

Na farko shi ne inda waƙar ke fitowa, wato waya, kwamfuta ko injin faifai. Na biyu amfilifaya, mai ƙara wa sauti ƙarfi. Na uku sifiku guda biyu, ta dama da ta hagu. Na huɗu kuwa shi ne wanda kusan kowa ke mantawa da shi, wata 'yar na'ura da ake rubuta wa Phono. Sautin da allura ke kwasowa daga faifai siriri ne ƙwarai, kuma tun a wajen buga faifan an rage masa kauri da gangan don waƙoƙi su shige. Aikin Phono ne ya ɗaga sautin, ya mayar masa da kaurinsa. In babu ita, mutum zai jona injin faifai ya ƙure murya, ya ji Shata can ƙasa-ƙasa kamar daga cikin rijiya, ya ɗauka an cuce shi. Alhali ba a cuce shi ba, abu ɗaya ne ya ɓace a tsakani.

Wannan na'ura tana iya zuwa a cikin injin faifan, ko a cikin amfilifaya, ko a saye ta daban. A ɗaya daga cikin ukun dai dole ta kasance. Don haka tambayar farko ga mai shago ita ce: ina Phono ɗin?

HANYA BIYU

Mai ƙaramin ɗaki da ƙaramin aljihu, hanya mafi sauƙi gare shi ita ce sifiku masu amfilifaya a cikinsu, irin Edifier R1280DB, waɗanda ke karɓar Bluetooth daga waya kuma suna da ramin jona wasu kayan. Sai ya haɗa su da injin faifai mai Phono a ciki, kamar Audio-Technica AT-LP60X ko Sony PS-LX310BT. Shi ke nan, an gama, wayoyi kaɗan, wuri kaɗan.

Hanya ta biyu ita ce amfilifaya daban, sifiku daban. Ta fi tsada da cin wuri, amma tana da daɗi ɗaya: in hali ya samu sai a canza abu ɗaya a bar sauran, in abu ɗaya ya lalace shi kaɗai za a kai wa mai gyara. Amfilifaya irin Yamaha A-S301 yana da ramin Phono, yana kuma da ramin da ake jona talabijin, wato ke nan har fim za a riƙa kallo da shi. A nan sai a lura da lambar om da ke bayan sifika, yawanci 4, 6 ko 8 ce, a tabbata amfilifayar zai iya ɗaukar ta, in ba haka ba zai riƙa zafi yana ɗaukewa.

Ko wace hanya aka bi, kaso mafi tsoka na kuɗin sifiku ya kamata ya tafi. Su ne bakin da ke magana. Amfilifaya mai tsada da sifikun banza, muryar banza za a ji.

Masu hom tiyata mai sifiku biyar da ƙatuwar tukunyar duma fa? Don fim aka yi ta. Waƙa, ta faifai ce ko ta waya, yawanci ɓangare biyu ake naɗar ta. Kuɗin da za a raba wa sifiku shida marasa kyau, gara a zuba shi a kan biyu masu kyau. Ita kuwa MP ɗin da ake yawo da ita a aljihu, ta majalisa ce da shago, ba ta ɗaki ba.

ƘARYAR KWALI

Akwai kwalayen da za a ga an rangaɗa musu 3000W ko 5000W da manyan baƙaƙe, a gefe an rubuta PMPO. Wallahi wannan lamba ta talla ce kawai, ba ta da ma'aunin da aka yarda da shi. Lambar da ake dubawa ita ce mai RMS, wadda ke nuna ƙarfin da na'ura ke iya bayarwa a ɗore. Ga ɗaki ciki ɗaya ko matsakaicin falo, wat 30 zuwa 60 a kowane ɓangare ya isa har ya yi yawa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Haka kuma duma ba ita ce kyau ba. Masu shago sun san matasa, sai su ƙure kauri har gilashi na rawa. A gida kuma sai a tarar muryar mawaƙi ta nutse, ba a jin baiti.

ALLURA CE RAN FAIFAI

Nan ne ake ɓarna. Akwai wasu ƙananan injina masu kama da jakar hannu, da sifika a jikinsu, ga kyau ga araha. Yawancinsu hannun allurarsu na danna faifai da nauyin da ya ninka na injin kirki, kuma babu wurin saita shi. Allura mai kyau nauyin giram biyu ko kusa da haka take ɗorawa, in ta yi yawa giram uku da rabi. Faifan da aka riƙa yi wa noma da allura mai nauyi ko dakusasshiya, ramukansa cinyewa suke yi, kuma ba su dawowa. Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya a 2015. Faifansu na asali in ya mutu ya mutu. Araha dai ba ta ado.

Allura ma tana tsufa. Bayan awa 500 zuwa 1,000 na aiki sai a canza ta. Kafin a sayi inji, a tambaya ko ana samun allurarsa. Wanda ya gaji faya-fayai masu juyi 78 kuwa, ya sani ba kowane inji ke juya su ba, kuma allurarsu daban ce, mai faɗin baki. Kada kuma a kuskura a ɗora faifan 33 ko 45 a kan tsohon garmaho mai allurar ƙarfe. Juyi ɗaya ya isa ya gama da shi.

IN GWANJO ZA A SAYA

Tsofaffin kayan Japan na shekarun 1970 da 1980, irin su Pioneer, Kenwood, Sansui da Technics, tsohuwar zuma ce, kuma kusan duk amfilifayar wancan zamani yana da Phono. Sai dai akwai tarko. Wutar Nijeriya da Nijar bolt 220 zuwa 240 ce, mai bugu 50. Ta Amurka 120 ce, mai bugu 60. Kayan Amurka in aka jona su kai tsaye, hayaƙi za a gani. Ko an sa musu tiransifoma, wani injin faifan motarsa da bugun wuta take lissafin gudunta, sai ya zama maimakon juyi 33 yana yin kusan 28, a ji Lata ta koma muryar gardi. A duba bayan na'ura a ga 220–240V da 50Hz. Kayan da suka fito daga Ingila ko Jamus ba su da wannan matsala.

Sai a duba bel ɗin da ke juya farantin, don yana saki in ya tsufa. A murɗa kowane maɓalli a ji ko yana ƙarar yashi. A leƙa robar da ta zagaye bakin sifika ko ta ruɓe. Allurar da aka tarar a jikin injin gwanjo kuwa a cire ta a sa sabuwa, tunda babu wanda ya san shekarunta.

WAƘAR WAYA MA SAI DA TSARI

Kayan sauti masu kyau ba sa rufa asiri. Waƙar da aka tura ta WhatsApp ta bi hannu goma, ko aka matse ta don ta shiga ƙaramin mamori, a MP ba a gane lahaninta, amma a sifikar kirki za a ji ta kamar ana soya gyaɗa. MP3 mai lamba 128 ya yi ƙasa, mai 320 ya fi, shi kuwa sidi 1,411 yake ɗauka. Saboda haka tsofaffin sidin waƙoƙin Misbahu M. Ahmad, Rabi Mustapha ko Fati Nijar, in na asali ne, kada a zubar. A manhajojin sauraren waƙa kuma akwai wurin zaɓen inganci, sai a kai shi sama in akwai data.

Bluetooth akwai sauƙi, amma shi ma yana ɗan matse sauti. Jonawa da waya ya fi fitar da abin yadda yake. Sannan saukewa daga shafin mawaƙin da kansa, ban da ingancin sauti, wani abu na shiga aljihunsa, ba kamar na satar fasaha ba da ya daɗe yana cin masana'antar.

WUTA, ZAFI DA ƘURA

Abokan gaba uku ne. Wutar da ke zuwa tana hawa tana sauka ta ƙone kaya fiye da ƙirga, don haka kuɗin sitabilaiza na cikin lissafi tun farko. In aka ɗauke wuta a zare soket, kada ta dawo da ƙarfi ta tarar da kaya a kunne. Ƙaramin janareta da inbata mai araha sukan sa ƙugi a sifika, mai sola ya nemi inbata mai tsaftatacciyar wuta. In kuma ƙugin daga injin faifai ne, yawanci siririyar wayar nan ce ta at ba a ɗaure ta a bayan amfilifaya ba.

Zafin bazara na lanƙwasa faifai. Kada a bar shi a mota, ko bakin taga, ko a saman amfilifaya. A tsaye ake jera faya-fayai kamar littattafai, ba a ɗora wani kan wani. Da hunturu ƙura ce ke cika ramukan, sai a riƙa share faifai da burushi mai laushi kafin a kunna, a riƙe shi ta gefe, a rufe injin in an gama. Ba a wanke shi da omo, ba a goga masa fetur.

Injin faifai yana son teburi mai ƙwari, shimfiɗaɗɗe, kuma ba wanda sifiku ke kai ba, don girgizarsu na sa allura tsalle. Sifikun a ware su, tsayinsu daidai kunnen wanda ke zaune, a ɗan janye su daga bango. Ɗakin tayil yana amsa kuwa, kafet da labule suna kashe ta.

RANAR CINIKI

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Mai saye ya tafi da waƙoƙin da kunnensa ya haddace: ɗaya mai kalangu don ya ji kauri, ɗaya mai kuntigi ko gurmi don ya ji zaƙi, ɗaya ta fim mai muryar mace da namiji. Ya sa a rage murya, domin a ƙasa-ƙasa ake gane sifikar gaskiya, kuma a haka zai fi sauraro a gida in yana son zaman lafiya da maƙwabta. In zai gwada injin faifai, ya ɗauki faifan da bai damu da shi ba, na gadon ya bar shi a gida. Ya karɓi rasit, a yi ƙa'idar kwanakin gwaji.

Wanda kuɗinsa bai kai ba, ya fara da sifiku masu kyau ya riƙa jin waƙoƙin wayarsa, injin faifai ya biyo baya. Faya-fayen da suka yi shekara arba'in a adaka suna jira, wata shida ba zai gagare su ba.