Mene Ne "Furojet"? Ire-irensa Da Yadda Ake Kai Shi Gaci

Jama'a, akwai wata kalma da ta shigo ƙauyukanmu ta zauna daram. Yaro ya dawo daga makaranta ya ce a ba shi kuɗin furojet. Kansila ya zo ya ce an kawo mana furojet. Ɗanka da ke jami'a ya aiko cewa ba zai zo hutu ba, furojet ya riƙe shi. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka ma'anar kalmar ita ce kuɗin da ake rabawa, ko kuwa farar motar nan mai rubutu a ƙofa. To, a wannan wata za mu warware zare da abawa.

MA'ANARSA

Furojet kalmar Turanci ce. Tana nufin aiki na musamman mai ranar farawa, mai ranar gamawa, da kuma abu guda da ake son a gani idan an gama. Ɗiban ruwa kullum ba furojet ba ne, domin ba ya ƙarewa. Amma haƙa rijiya furojet ne. Ran da aka tarar da ruwa aka ɗaure bakinta, aiki ya ƙare. Haka nan ciniki a kanti harkar yau da kullum ce, amma kafa kantin shi ne furojet.

Ashe ke nan sunan ne baƙo, abin ba baƙo ba ne. Kakanninmu da suka fara gina ganuwar Kano tun zamanin Sarki Gijimasu, furojet suka yi. Yanzu bari mu duba ire-irensa ɗaya bayan ɗaya.

NA ƊAN MAKARANTA

Wannan shi ne ƙarami a cikinsu. Malamin kimiyya yakan ba yaro tambaya, ya ce ya nemo amsa ta hanyar gwaji. Ga misali da zai amfani kowane manomi. Tambayar ita ce: irin geron da ke rumbu, zai tsiro kuwa? Yaro zai ƙirga ƙwaya 100, ya jera su a kan jiƙaƙƙen buhun algarara, ya rufe, ya riƙa yayyafa ruwa. Bayan mako guda sai ya ƙirga waɗanda suka tsiro, ya rubuta. Idan 90 suka fito, irin yana da kyau. Idan 50 ne, rabin abin da za a shuka asara ne, gara a sake iri tun kafin ruwa ya sauka.

Ka'idar gwaji guda ce: abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya. In kana son ka san amfanin taki, shuka wake a tukwane biyu. Ƙasa iri ɗaya, ruwa daidai, rana daidai. Ɗaya a sa mata taki, ɗaya a bar ta. Duk bambancin da ya fito, ka san daga takin yake.

Kada mu raina irin wannan aiki. Malam Mohammed Bah Abba, wani malami a Jihar Jigawa wanda ya fito daga gidan magina tukwane, ya sa ƙaramar randa cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da ɗanyen tsumma. Yayin da ruwan yake bushewa ta jikin randar waje, sai ya tafi da zafin ciki. Yalon da kan lalace cikin kwana 3 sai ga shi ya kai kwana 27. A shekarar 2000 kamfanin Rolex ya ba shi babbar lambar yabo saboda wannan dabara. A ƙasar Malawi kuma, yunwar da aka yi a 2001 zuwa 2002 ta raba wani yaro mai suna William Kamkwamba da makaranta. Yana ɗan shekara 14 ya ga hoton injin iska a wani littafin laburare. Ya tattara tarkacen keke da tsofaffin ƙarafa, ya haɗa nasa, ya kunna fitila a gidansu. Saboda haka, iyaye, in yaro ya nemi gwangwani ko waya ko tsohon batir, a tambaye shi abin da zai gwada kafin a kore shi.

NA ƊALIBIN BABBAR MAKARANTA

A shekarar ƙarshe ta jami'a ko kwaleji, ɗalibi yakan zaɓi matsala guda, ya yi bincike a kanta, ya rubuta ɗan littafi a ƙarƙashin kulawar malaminsa. Sai ya gama za a ba shi takardar shaida. Su ne kukan gani da takardu suna tambayar buhu nawa kuka noma, ko cutar da ke damun awakinku. A gaya musu gaskiya, domin bayanin ƙarya ba ya haifar da maganin kirki.

NA GAYYA

Wannan namu ne na gado. Gari ya haɗu ya gina aji, ko kwalbati, ko ɗakin shan magani. Ƙarfinsa shi ne kowa yana ganin abin nasa ne. Rauninsa kuwa shi ne rashin rubutu. An tara kuɗi, ba a san wanda ya bayar ba, ba a san abin da aka kashe ba. Daga nan sai zargi, sai gini ya tsaya a linta, awaki su mai da shi wurin kwana.

NA GWAMNATI DA HUKUMOMIN RAYA ƘASA

Su ne manya. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ita ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura, inda ake noma shinkafa da alkama da tumatir. Amma ba kowane babban aiki ne yake tafiya lami lafiya ba. An gama madatsar Bakolori, kusa da Talatar Mafara, a 1978. Manoma da yawa sun rasa gonakinsu, batun diyya kuma bai daidaita ba. A 1980 suka yi bore, aka tura 'yan sanda, aka yi asarar rayuka. Kamfanin ƙarafa na Ajaokuta kuwa, an fara shi tun 1979, an kashe maƙudan kuɗi, amma bai kai ga narka ƙarfe yadda aka tsara ba.

Mu kwatanta da abin da ya faru a yankin Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. An daɗe ana dasa itatuwa a can suna mutuwa. Daga 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya shiga nuna wa manoma cewa kututturen da ke gonakinsu suna da rai. Maimakon a sassabe tohon duka, a bar masu ƙarfi, a riƙa yi musu aski. Da manoma suka ga itacen nasu ne, makamashi da abincin dabbobi su za su amfana, sai dabarar ta bazu daga gona zuwa gona. An ƙiyasta cewa ta farfaɗo da fili kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Darasin a fili yake: ba a yi wa mutum aski ba ya nan. Aikin da aka yi shawara da masu wuri, shi ne yake ɗorewa.

NA KASUWANCI

A nan, tambayar farko ita ce: yaushe jari zai dawo? Bari mu yi lissafi na misali. Mu ce ƙungiyar mata tana son sayen injin niƙa, saye da girkawa Naira 600,000. Mu ce kullum ana cinikin Naira 8,000. A fitar da 3,500 na mai, da 1,500 na mai kula da inji, da 1,000 a ajiye saboda gyara. Saura 2,000. Ke nan sai an yi kwana 300 ana aiki kafin jari ya dawo. In ana hutun rana guda a mako, kusan shekara ke nan. To, idan bashi aka ci wanda za a biya cikin wata shida, an ga matsalar tun kafin a taɓa ko kwabo. Sai a nemi ƙarin lokaci, ko a ƙara gudummawar 'yan ƙungiya, ko a nemi ƙaramin inji. Wanda ya ɗauki ciniki a matsayin riba, jarinsa yake ci bai sani ba.

DUWATSUN MURHU UKU

Ƙarami ne ko babba, kowane furojet a kan abu uku yake zaune, kamar tukunya a kan murhu: lokaci, da kuɗi, da girman aikin. In ka taɓa ɗaya, sauran biyun sai sun motsa. An shirya gina aji biyu, sai aka ce a mai da su uku? To, dole kuɗi ya ƙaru, lokaci ma ya ƙaru. An ce a gama kafin damina? Dole a ƙara magina, a ƙara kuɗi. Duk wanda ya ce zai yi muku aiki babba, da sauri, kuma da araha, ku bincika. Galibi ingancin aikin ne zai ci.

MATAKAI BIYAR NA KAI AIKI GACI

Na farko, a faɗi abin da ake so a fili. "Muna son ci gaba" ba manufa ba ce. "Muna son rijiya guda a unguwar gabas kafin ruwa ya sauka", wannan ita ce manufa.

Na biyu, a jera ayyukan bi da bi, a dubi yanayin shekara. Rijiya da bazara ake haƙa ta, lokacin da ruwan ƙasa ya yi nisa, don kada ta ƙafe daga baya. Ginin ƙasa kuwa a rufe shi kafin damina. Akwai wata dabara da wani injiniya Ba'amurke, Henry Gantt, ya yaɗa fiye da shekara 100 da suka wuce, kuma manyan kamfanoni suna amfani da ita har yanzu. A samu takarda, a jera ayyuka daga sama zuwa ƙasa, a jera makonni daga hagu zuwa dama, a ja layi a gaban kowane aiki daga makon farawa zuwa makon gamawa. A liƙa ta inda kowa zai gani.

Na uku, a yi lissafin kuɗi a rubuce, a ware wani abu saboda ɓacin rana, domin farashin siminti ba ya jiran kowa.

Na huɗu, a raba aiki da suna. Shugaba daban, ma'aji daban, magatakarda daban. Mai riƙe kuɗi kada ya zama shi ne mai rubuta su. Kowane sayayya a karɓi rasit, kowane wata a karanta wa jama'a lissafi.

Na biyar, a tanadi mai kula da abin bayan an gama. Famfunan burtsatse nawa ne suka mutu a ƙauyukanmu saboda ɗan ƙarfen da bai taka kara ya karya ba? Tun ranar buɗewa a naɗa mai gyara, a kafa asusun gyara.

Daga ƙarshe, idan aka kawo aikin kwangila garinku, ku je ku karanta allon da aka kafa. Yakan nuna sunan aikin, da hukumar da ta bayar, da ɗan kwangilar. Ku rubuta su ku ajiye, ku tambayi ranar gamawa. In lokaci ya wuce ba a gama ba, ku tura wakilai wurin hukumar da takarda a hannu. Kuɗin jama'a ne, kuma ku ne jama'ar.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.