Ƙwayar cutar Epstein-Barr da limfomar Burkitt ga yara

1. Gabatarwa

Limfoma wani nau'in ciwon daji ne da ke tasowa daga fararen ƙwayoyin jini masu tsaron jiki. A cikin wannan takarda za mu dubi limfomar Burkitt, wadda ke cikin ciwukan dajin da suka fi kama yara a Afirka ta kudu da Sahara. Tambayarmu ita ce: in ƙwayar cuta ce ke haddasa ta, mi ya sa kusan kowa ke ɗauke da ƙwayar amma yara ƙalilan ne ke kamuwa?

2. Yadda aka gano dangantakar

A shekara ta 1958 Denis Burkitt, likitan fiɗa a asibitin Mulago na Kampala, ya bayyana wani kumburin muƙamuƙi da ke kashe yara cikin ƴan watanni. Da ya bi sawun ciwon ƙasa ƙasa, sai ya lura ya fi yawa inda akwai zafi da ruwan sama sama da milimita 500 a shekara, kuma yana ƙaranci a kan duwatsu masu sanyi. Wannan ya sa aka zargi ƙwayar cutar da ƙwari ke yaɗawa. A 1964, a birnin Landan, Epstein da Achong da Barr suka ga wani sabon birus cikin ƙwayoyin kumburin da aka aiko daga Uganda. Shi ne birus na farko da aka danganta da ciwon daji ga ɗan Adam.

3. Birus shi kaɗai bai isa ba

Bincike ya nuna ba sauro ke yaɗa birus ɗin ba, ta miyau yake bi. Sama da kashi 90 cikin 100 na manyan mutanen duniya na ɗauke da shi, kuma yaran Afirka kan same shi tun kafin shekara uku. Ana samun sa cikin kusan duk limfomar Burkitt ta Afirka, amma a Turai da Amurka bai kai kashi 30 cikin 100 ba. Ke nan sai da wani abu ya haɗu da shi.

Wannan abu shi ne masassarar cizon sauro. In tana yawan kama yaro, takan raunana ƙwayoyin T masu taka wa birus birki, ta kuma tunzura ƙwayoyin B su yi ta hayayyafa. Cikin wannan hayayyafa ne kuskure kan auku: wani yanki na kromozom 8, mai ɗauke da jigon gado MYC, ya koma kan kromozom 14, sai ƙwayar ta shiga rabuwa babu tsayawa. Da ma irin wannan ƙwaya mutuwa take yi da kanta; birus ɗin ne ke hana ta mutuwa. Dalili ke nan da taswirar ciwon ta yi daidai da ta masassara.

4. Abin da ya shafe mu

Kudancin Nijar, daga Gaya zuwa Maraɗi da Damagaram, yana bakin wannan yanki, kuma masassara na tsananta a can kowace damina. Ciwon ya fi kama yara masu shekara 4 zuwa 9, maza fiye da mata. Yakan fito a muƙamuƙi, ko ido, ko ciki. Haƙora su yi girgiɗi, a ɗauka ciwon haƙori ne ko iska. Ƙwayoyinsa kuwa na iya ninka yawansu cikin kwana ɗaya zuwa biyu, don haka jinkirin mako guda babbar asara ce.

5. Kammalawa

Wannan saurin girma shi ne kuma rauninsa, domin yana jin magani ƙwarai: inda akwai cikakken magani, kusan yara 9 cikin 10 na warkewa. Har yanzu babu allurar rigakafin birus ɗin. Abin da ke hannunmu biyu ne: rage masassara ga ƙananan yara, da horar da ma'aikatan likitocin karkara su tura duk yaro mai kumburin muƙamuƙi zuwa babban asibiti ba tare da jira ba.