Wane Littafi Mai Tsarki Za Mu Saya, Da Me Kuma Za Mu Haɗa Shi?

Ba da daɗewa ba da yawa daga cikinmu za su fita koyarwa a ƙauyukan Jere, da Kagarko, da Kwoi, da Kafanchan. Duk wanda ya san ƙauye ya san malamin makaranta ba a aji kaɗai aikinsa ya tsaya ba. Ran Lahadi shi za a miƙa wa Littafi a ce ya karanta, shi kuma za a tambaya in mutum yana so ya sayi nasa. To, ya kamata mu san amsar da za mu bayar.

Abu na fari, kowane Littafi Mai Tsarki da ke hannunmu juyi ne, watau fassara. An rubuta Tsohon Alkawari da Ibrananci, ɗan kaɗan da Aramiyanci, Sabon Alkawari kuwa da Helenanci. Na Turanci ma juyi ne, har da na Sarki James na 1611 wanda wasu ke tsammani shi ne asali. Saboda haka kada mu raina na Hausa don yana Hausa.

Aikin juyawa zuwa Hausa ya daɗe. J. F. Schön, Bajamushe ne ma'aikacin C.M.S., ya fitar da Sabon Alkawari a 1880. Likita Walter Miller, wanda ya zauna Zariya tun 1905, shi da abokan aikinsa na wasu mishan suka kammala Littafin duka, aka buga a 1932. Wannan shi ne wanda kakanninmu suka koyi karatu da shi, shi ya sa tsofaffi da yawa suka haddace ayoyinsa. A 1980 Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya ta fitar da sabon juyi. Bayansa kuma an sami wasu masu sauƙin Hausa, kamar wanda ake kira Sabon Rai Don Kowa.

Me ya sa suka bambanta? Masu juyi suna bin hanya biyu. Wasu suna bin kalma bayan kalma, don mai karatu ya ga yadda aka gina maganar asali. Wasu kuwa suna ɗaukar ma'anar jimla su faɗe ta yadda Bahaushe zai faɗa. Na farkon yana da amfani wajen bincike, amma yakan yi nauyi a kunne. Na biyun yana shiga kai da sauri, amma wani lokaci mai juyin ya riga ya zaɓar maka ma'ana guda a inda asalin zai iya ɗaukar biyu. Ga misali ƙarami: wani juyi ya rubuta Kristi, wani ya rubuta Almasihu. Ba saɓani ba ne. Ɗaya daga Helenanci ya fito, ɗaya daga Ibrananci ta hanyar Larabci, ma'anarsu kuwa ɗaya, wato Shafaffe.

A ƙasarmu akwai wani abin lura. Yawancin yaran da za mu koya wa, Gbagyi ne, ko Koro, ko Ham, ko Bajju, ko Atyap. Hausarsu ta kasuwa ce da ta coci. Kalmomi kamar kafara, da fansa, da barata, suna iya wucewa ta kansu, su amsa da amin ba su gane kome ba. Ga gwajin da ya fi kowane: ka ɗauki babi guda, misali Luka 15, ka karanta da ƙarfi ga yaro ɗan aji huɗu, ka rufe Littafin, ka ce ya ba ka labarin da bakinsa. Juyin da ya fi iya maimaitawa, shi ne na karatu a gaban jama'a. In kuwa akwai Sabon Alkawari cikin harshen gida, a nema. Na Jju ya fito a 1982, na Tyap a 2015.

Kafin a biya kuɗi a duba abu uku. A duba jerin littattafai, gama na Katolika yana da bakwai ƙari a kan 66 na sauran ikkilisiyoyi. A duba girman baƙaƙe, don tsohon da zai yi karatu da fitila. A duba ɗinki, kada damina ɗaya ta warware shi.

Sai kayan nazari. Mafi arha shi ne juyi na biyu. In ka aza biyu gefe da gefe, inda suka yi dabam nan ne wurin da ke bukatar tunani. Na biyu, ayoyin da ake jerawa a gefen shafi ko a ƙasa, masu nuna inda aka yi irin maganar a wani wuri. Na uku, taswira. Yaro ba zai manta labarin Basamariye ba in ya ga hanyar Urushalima zuwa Yariko wajen kilomita 27 ce, gangara ce kuma ta kusan mita 1,000 cikin duwatsu da kwazazzabai. Na huɗu, ƙamus na Littafi Mai Tsarki, wanda zai gaya maka dinari ladan yini guda ne na ɗan ƙodago. Na biyar, littafin sharhi, kamar Africa Bible Commentary na 2006 wanda malaman Afirka suka rubuta.

Amma a yi hattara. Sharhi ra'ayin malami ne. Kanun labari da bayanan ƙasan shafi masu bugawa ne suka sa. Ko lambobin ayoyi ma sai a 1551 aka sa su a Sabon Alkawari. Saboda haka a fara karanta babin duka, kāna a buɗe sharhi. Wanda ya tsinci aya guda ya gina wa'azi a kanta, kamar mai sayen doki ne da ya duba wutsiya kaɗai.

Shawarata ga wanda kuɗinsa kaɗan ne ita ce, ya sayi juyin da cocinsa ke karantawa, ya ƙara da mai sauƙin Hausa in hali ya yi, sauran kuwa a haɗa kuɗi a ajiye a makaranta don amfanin kowa. A cikin Nehemiya 8 an ba da labarin yadda aka karanta wa jama'a Shari'a, aka kuma bayyana musu har suka fahimta. Aikin da ke jiranmu ke nan. Allah ya taimake mu.

Daga wani ɗalibi, aji na ƙarshe, Jere.