Kiɗan Maza a Faifai: Abin Koyi Daga Matsanancin Kiɗan Ƙarfe

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe da kaka a Babban Mutum, ko a wani gari na ƙasar Daura, ya san akwai kiɗan da ake yi domin a tayar da tsumin maza. Kalangu na kuka, makaɗi na ambaton mutuwa da kushewa, ɗan dambe kuwa jikinsa na ɓari har sai ya fito fili ya yi kirari. Wannan shi ne kiɗan maza, watau kiɗan dambe da na tauri da na farauta da makamantansu. Abin da ya ja hankalinmu shi ne, idan aka saurari irin wannan kiɗa a kaset, sai a ji kamar an zare masa laka.

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu gano inda lakar take zubewa. Hanyar da muka bi kuwa ita ce duba yadda makaɗan wani kiɗa na Turai da Amurka, wanda shi ma tsauri da tsoratarwa ne jarinsa, suka shawo kan wannan matsala wajen haɗa faya-fayansu.

2.0 Kiɗan Ƙarfe da Matsanancinsa

Turawa suna kiran wannan kiɗa Metal, ma'ana ƙarfe, don haka za mu kira shi kiɗan ƙarfe. Galibin masana suna danganta asalinsa da ƙungiyar Black Sabbath ta birnin Birmingham a Ingila, wadda faifanta na farko ya fito a 1970. Kayan kiɗan su ne jita mai aiki da lantarki, da babbar jita mai kaurin murya, da jerin ganguna. Ana ƙure na'urar ƙara sauti da gangan har muryar jita ta dusashe ta koma gurnani.

Daga farkon shekarun 1980 wasu matasa suka ga wannan bai ishe su ba, suka ƙara sauri da ƙara, mawaƙi ya bar rerawa ya koma kururuwa ko gunji. Wannan reshe shi muke kira matsanancin kiɗan ƙarfe. Daga cikin faya-fayan da suka kafa shi akwai Black Metal na ƙungiyar Venom a 1982, da Reign in Blood na Slayer a 1986, da Scum na Napalm Death a 1987. Jigoginsu su ne mutuwa da yaƙi da annoba, wasu kuma har da saɓo. Ba mu kawo su nan domin yabon abin da suke faɗa ba. Sana'ar ɗaukar sautinsu ita ce abin nazarinmu.

Kamancinsa da kiɗan maza a fili yake ta fuska uku. Duka biyu suna neman motsa jiki kafin tunani. Duka biyu suna wasa da abin da jama'a ke tsoro, kamar yadda Ɗan Anace ya yi ta haɗa Shago da mutuwa, Kassu Zurmi kuma ya yi ta zuga 'yan tauri. Duka biyu kuma sun sha zargin ɓata tarbiyya, kamar zargin da ya bi Muhammadu Gambu saboda waƙoƙin ɓarayi.

3.0 Matakan Haɗa Faifai

Za mu ɗauki Reign in Blood a matsayin misali, saboda labarin haɗa shi sananne ne. An ɗauke shi a Los Angeles a 1986, a ƙarƙashin jagorancin Rick Rubin, mai kamfanin Def Jam, wanda kafin nan da mawaƙan gambarar zamani ta baƙaƙen Amurka aka san shi.

3.1 Shiri

Kafin a shiga ɗakin ɗaukar sauti, makaɗa sukan tsara waƙoƙinsu su maimaita su har su zauna, domin ɗakin hayarsa ake yi da awa. A nan ake yanke shawarar abin da za a zubar. Slayer sun rage maimaita amshi da dogon taken buɗewa, shi ya sa waƙoƙi 10 suka ƙare cikin minti 29 kacal. Gajartarsa ta sa da aka buga shi a kaset, faifan gaba ɗaya ya shiga fuska guda, aka sake maimaita shi a ɗaya fuskar.

3.2 Ɗauka

Na'urar manyan ɗakuna ta wancan zamani tana da layuka har 24 a kan zare ɗaya. Kowace ganga ana kafa mata makirufo nata, kowace jita tana da layinta, murya ma haka. Yawanci ganguna ake fara ɗauka, sa'an nan a ɗora jita, a ƙare da murya. Amfanin wannan rarrabewa shi ne, kayan kiɗa mai ƙarfi ba zai danne mai rauni ba, kuma idan mutum ɗaya ya yi kure, nasa kaɗai za a sake.

3.3 Gauraya

Bayan ɗauka sai a zauna a daidaita layukan nan, a ɗaga wannan a sassauta wancan, har su koma sauti guda. A nan ne Rubin ya yi abin da ake tunawa da shi. Al'adar lokacin ita ce a cika kiɗan ƙarfe da amsa-kuwwa domin ya yi kwarjini, kamar ana yin sa a cikin kogo. Amma idan ganga tana bugawa fiye da sau 200 a minti, kuwwar bugun farko takan hau kan na biyu, kiɗan ya cakuɗe. Sai ya rage amsa-kuwwar ƙwarai, kowane bugu ya fito shi kaɗai, tsaurin ya ƙaru.

Wasu kuma sun bi akasin wannan hanya da saninsu. Ƙungiyar Darkthrone ta ƙasar Norway ta ɗauki faifanta Transilvanian Hunger na 1994 da ƙaramar na'ura mai layi 4, domin dishi-dishin sautin shi ne abin da take nema. Abin lura a nan shi ne, da mai tsabtar da mai dishin, kowanne zaɓa ya yi.

3.4 Bugawa da Fitarwa

Daga nan sai a yanka uwar faifai, wadda daga gare ta ake buga sauran. Faifan garmaho mai faɗin inci 12 yana ɗaukar kimanin minti 20 a kowace fuska, kuma gwargwadon ƙarar kiɗa da kaurinsa, gwargwadon filin da zanensa yake ci. Saura kuma hoton bango da rarrabawa, inda sau da yawa rigima take. Kamfanin Columbia, wanda ke rarraba kayan Def Jam, ya ƙi taɓa Reign in Blood saboda hoton bangonsa da kuma waƙar farko, wadda ta yi magana a kan Josef Mengele, likitan nan na 'yan Nazi. Sai kamfanin Geffen ne ya rarraba shi, ya fito a watan Oktoba na 1986. Ƙananan ƙungiyoyi da ba su da kamfani kuwa, kaset suka riƙa kwafa suna aika wa juna ta gidan waya daga ƙasa zuwa ƙasa.

4.0 Yadda Aka Ɗauki Namu

Waƙar Hausa ta shiga na'ura ta ƙofofi uku. Akwai kamfanonin faifai irin su EMI, waɗanda suka buga Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos. Akwai gidajen rediyo, musamman na Kaduna da aka buɗe a 1962. Akwai kuma masu bincike, irin su David Ames, wanda ya ɗauki kiɗe-kiɗe a ƙasar Zazzau a shekarun 1960. Bayan kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, rikoda ta yaɗu, sai ƙofa ta huɗu ta buɗe, kowa ya zama mai ɗauka. Garuruwan kan iyaka irin Babban Mutum, da ke kan hanyar Magarya, ta nan kaset ya riƙa ƙetarawa tsakanin Nijeriya da Nijar.

Kiɗan maza ya fi shigowa ta ƙofar rediyo da ta rikoda, kuma kowace da illarta. Idan aka kai makaɗin dambe ɗakin rediyo, an sami sauti mai tsabta, amma an raba shi da fili. Babu ɗan damben da zai tsaya a gabansa, babu kirari, babu ihun 'yan kallo sa'ad da aka yi kisa. Makaɗin kuwa da idonsa yake waƙa, abin da ya faru a fili shi ke ba shi ɗiyan waƙa na gaba. Idan kuma aka ɗauka a fili da rikoda mai makirufo ɗaya, sai kalangu ya danne murya, lasifika ta yi ƙara, iska ta shiga. Sa'an nan kowane kwafi da aka yi daga kwafi yana ƙara shuu, yana rage kaifin bugun. Ga shi kuma da wuya a sami kaset da aka rubuta wa shekara, ko wurin ɗauka, ko sunayen 'yan amshi, abin da faifan kiɗan ƙarfe mafi arha ma yakan ɗauka a bangonsa.

5.0 Kammalawa

Abin da muka fahimta shi ne, tsaurin kiɗa ba ya shiga faifai da kansa, sai an yi masa dabara. Na'urar ɗauka mai layuka da yawa yanzu ta ƙanƙance, ana iya rataya ta a kafaɗa, saboda haka uzurin da magabata suke da shi ya kau. Ƙungiyar Duma ta ƙasar Kenya ta fitar da faifan matsanancin kiɗan ƙarfe a 2020 ta hannun kamfanin Nyege Nyege na Kampala, ya kuwa kewaya duniya.

Muna ba da shawara uku. Ta farko, a ɗauki kiɗan maza a filinsa, amma a ware makirufo ga makaɗi, da 'yan amshi, da kalangai, da taron jama'a, a gauraya daga baya tare da makaɗin, domin shi ya san abin da ya kamata ya fito. Ta biyu, a rubuta rana da wuri da sunan duk wanda ya sa hannu, a kuma yi yarjejeniyar haƙƙinsu a rubuce. Ta uku, sassan Hausa na kwalejojin ilimi su tattara tsofaffin kaset da ke hannun jama'a su juye su a kwamfuta, domin zaren kaset ba ya jure zafi da ƙura. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015, kuma su sun yi sa'ar kamfani. Makaɗan dambe da na tauri na ƙauyukanmu ba su sami wannan gata ba, ga shi kuwa yawancin waɗanda suka rage shekarunsu sun ja.