Kafin Ka Sayi Na'urar Sauraron Jariri

A babban gida irin na da, kukan jariri ba ya faɗuwa ƙasa banza. In uwa tana madafi, kaka ko goggo za ta ji, ga shi yawancin yini ma yana goye a baya. Gidajen da ake ginawa yanzu a Abuja da Kano da Yamai sun sauya lissafi: bene, ƙofofi a rufe saboda sauro, janareta na ruri a tsakar gida, uwa tana girki a ƙasa, yaro na barci a sama. Nan na'urar sauraron jariri ta samu shiga. Kashi biyu ce: ɗaya a ɗakin yaro tana ɗaukar sauti ko hoto, ɗaya a hannun uwa ko uba.

Abin ya daɗe. A 1937 kamfanin rediyo na Zenith a Amurka ya ƙera ta farko, mai suna Radio Nurse, a lokacin da satar ɗan matuƙin jirgin sama Charles Lindbergh a 1932 ba ta bar zukatan iyaye ba. Ta wayoyin lantarkin gida take aika sauti, kuma takan kwaso muryoyin da ba a gayyata ba. Wannan matsala ta wa ke ji ban da kai, har yau ba ta rabu da na'urar ba.

Mai shago zai fara nuna maka mafi tsada, wadda ke haɗuwa da WiFi ta turo hoto cikin wayarka ko kana ofis. Tana da amfani ga wadda ke barin yaro da mai raino. Sai dai duk abin da ya hau intanet, ƙofa ce. A 2013 wasu iyaye a Houston sun ji muryar wani ƙato yana zagin 'yarsu ta cikin kyamarar ɗakinta, ya kutsa daga nesa. Birtaniya ma tun Afrilun 2024 ta hana sayar da irin waɗannan kaya da kalmar sirri mai sauƙin canka. In mai WiFi ka zaɓa, ka sauya kalmar sirrin da ta zo da ita ranar da ka buɗe kwali, ka riƙa sabunta manhajarta. Ka kuma tuna cewa ɗakin jariri ɗakin uwarsa ne, a nan take shayarwa, a nan take sauya kaya.

A ganina, yawancin gidaje ba sa bukatar wannan. Wadda ba ta hawa intanet, kashi biyun suna magana da juna kai tsaye, ta wadatar, ba ta kuma cin data. Masu sauti kaɗai da ke aiki da tsarin DECT, irin na wayar tebur marar igiya, muryarsu garau take, cajinsu na jimawa, kuɗinsu da sauƙi.

Abin da kwali ba zai faɗa maka ba shi ne wuta da bango. Ɓangaren da ke hannunka yana da batir, amma kyamarar ɗakin yaro galibi a jikin soket take rayuwa. Da an ɗauke wuta ta mutu, kai kuwa kana zaton yaro barci yake yi lafiya. Saboda haka ka tambaya: tana ƙara in sadarwa ta yanke? Tana karɓar caji ta USB, yadda za a iya jona ta da fawa banki? Nisan da ake rubutawa, mita 300 ko makamancin haka, a fili aka auna shi, ba a gidan bulo da dakin mai cike da rodi ba. Gwajin ba wuya: ka kunna rediyo ƙasa-ƙasa a ɗakin yaro, ka rufe ƙofofi, ka tayar da janareta, ka je madafi ka saurara. Ka yi sharaɗi da mai shago tun farko cewa in ba ta kai ba za ka mayar.

Sai gidan sauro. Kyamara tana gani a duhu ne da wani haske da idon mutum ba ya kamawa, kuma in ya bugi raga a kusa yakan dawo mata, hoton ya yi fari fat. Sai mutum ya ce bari in shigar da ita cikin gidan sauron, in rataye a jikin gado. Kul! Igiyarta na iya naɗe wuyan yaro. A 2011 an janye na'urorin kamfanin Summer Infant kimanin miliyan 1.7 a Amurka bayan jarirai biyu sun shaƙe da igiya. Ƙa'idar hukumar kare masu sayayya ta ƙasar ita ce igiya ta yi nesa da gado da ƙafa uku, wato kusan mita ɗaya. Gara a matsar da kyamarar baya a sauya mata kusurwa.

Akwai kuma 'yar safa da ake sa wa jariri a ƙafa, tana auna bugun zuciya da iskar oksijin a jini. Ita ta fi jan iyayen fari, domin tsoron mutuwar fuju'a ta jarirai cikin barci ba ƙaramin tsoro ba ne. A 2018 likitocin asibitin yara na Philadelphia sun gwada iri biyu a kan jarirai 30: ɗaya takan gane raguwar oksijin amma ba kullum ba, ɗayar ba ta gane ba ko sau ɗaya. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce kada a dogara da irin waɗannan na'urori don kauce wa wannan mutuwa. Abin da take shawarta ba ya cin ko kwabo: a kwantar da jariri rigingine, a shimfiɗa mai tauri, ba matashi ba tarin barguna, gadonsa daban amma a ɗakin iyayensa, aƙalla wata shida na farko. Bakwaini ko yaron da ke da matsalar numfashi kuwa, likitan da ke duba shi ne zai faɗi irin na'urar da ta dace da shi da yadda za a karanta ta.