Awa shida a gadon gaggawa: Abin da jinkirin kai majinyaci ICU ke haifarwa

A yawancin manyan asibitoci, tsakanin sashen gaggawa da sashen kulawa ta musamman, wato ICU, tafiyar 'yan mintuna ce. Amma sai majinyaci ya kwana bai ƙarasa ba.

Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2007, wanda ya duba bayanan majinyata sama da 50,000, ya gano cewa cikin waɗanda suka yi jiran awa shida ko fiye kafin a kai su ICU, kashi 17.4 cikin ɗari sun rasu a asibitin. A cikin waɗanda aka kai da wuri kuwa, kashi 12.9 ne suka rasu.

Dalilin a fili yake. A ICU ma'aikaciyar jinya ɗaya na kula da mutum ɗaya ko biyu ne. A sashen gaggawa kuwa hankalinta a rabe yake, ga sabbin marasa lafiya na ta shigowa.

Birtaniya ta fara gyara daga wajen gane wanda jikinsa ke tsananta. Tun 2012 aka fito da tsarin maki mai suna NEWS, aka sabunta shi a 2017. Ana auna numfashi, iskar oksijin a jini, bugun zuciya, hawan jini, zafin jiki da ko mutum na cikin hayyacinsa. Maki ya kai bakwai, ba jira, sai a kira ƙwararru. Kuma ƙa'idarsu ita ce a shigar da majinyaci ICU cikin awa huɗu bayan an yanke shawara.

Ita kanta tafiyar akwai haɗari. Silindar oksijin na iya ƙarewa a hanya, batirin na'ura ya mutu, bututun numfashi ya goce. Shi ya sa ake bin takardar dubawa kafin a tura gado, likita ya raka, a kuma miƙa bayani baki da baki. Wannan dai ba ya buƙatar wani kuɗi mai yawa.

A Najeriya akwai ƙarin shinge: gadajen ICU kaɗan ne, sannan sau da yawa sai dangi sun ajiye kuɗi tukuna. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta hana mutum kulawar gaggawa bisa kowane dalili. Sai dai a aikace, yayin da dangi ke buga waya suna haɗa kuɗi, majinyacin na kwance a sashen gaggawa, awannin nan shida na tafiya.