Xender ɗin cikin jiki: yadda ƙwayoyin zuciya ke tura wa juna saƙo ba tare da netwok ba

A Gwiwa, kamar a Roni da Kazaure, saurayin da ke son sabon fim ɗin Kannywood ba ya ƙona datarsa. Abokinsa zai matso da waya, a buɗe Xender, fim ya tsallaka daga wannan waya zuwa waccan ba tare da ya bi ta turken sabis ba. Sharaɗin ɗaya ne: wayoyin su kasance kusa da juna. To, jikin mutum da na dabba sun daɗe da irin wannan dabara, kuma da ita zuciya take bugawa.

Duk wanda ya taɓa gyaran tarwada zai iya lura cewa zuciyarta takan ci gaba da bugawa bayan an ciro ta. Ba ƙwaƙwalwa, ba jijiyar da ke ba ta umarni, amma tana matsewa tana sakewa a tsare. Zuciyar mutum ma haka take. Tsokarta ƙwayoyin halitta ne biliyoyi, kowace a cikin fatarta, kuma dole su matse kusan lokaci guda, wajen sau 100,000 a rana. Wani ɗan gungu a saman zuciyar ne ke kunna wutar, sannan saƙon ya bi ƙwaya zuwa ƙwaya.

Hanyar da yake bi da Turanci ana kiranta gap junction. A Hausa za a iya ce mata kafar maƙwabta, don ta yi kama da kafar nan ta jikin danga da mata ke miƙa wa juna garwashi ko gishiri ba tare da an zagaya ta zaure ba. A inda ƙwayoyi biyu suka jingina da juna, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce nanomita 2 zuwa 4 ba (nanomita ɗaya shi ne a raba milimita gida miliyan ɗaya). Kowace ƙwaya tana haɗa furotin shida masu suna konekzin su zama rabin bututu. Rabin wannan ya haɗu da rabin maƙwabciya, sai kafa ta buɗe daga ciki zuwa ciki. A shekarar 1967 Jean-Paul Revel da Morris Karnovsky suka nuna wannan tsari ƙarara da madubin lantarki a Amurka.

Ba komai ke wucewa ba. Ƙananan abubuwa ne kawai, irin su fotasiyam da kalsiyam da sukari. Manyan furotin da DNA ba sa shiga, don haka kowace ƙwaya tana riƙe da manyan fayil ɗinta. Tunda waɗancan ƙananan sinadarai suna ɗauke da cajin lantarki, wucewarsu ita ce wucewar wuta.

A nan ne jiki ya fi Xender wayo. Waya takan karɓi fayil mai cuta daga wayar aboki, ta lalace. Amma idan ƙwayar zuciya ta ji rauni, kalsiyam ya cika ta ko tsami ya yi mata yawa, kafofin nan sai su rufe, a yanke ta daga sauran don kada ta ja su. Dabarar tana ceton maƙwabta, sai dai tana da farashi. Bayan jini ya toshe wa wani sashe na zuciya, wurin da ya mutu yakan zama tabo, kafofin gefensa su hargitse, wuta ta riƙa kewayawa ta inda bai kamata ba. Wannan na daga cikin dalilan da bugun zuciya ke rikicewa, wani lokaci har mutum ya yanke jiki ya faɗi.

Mahaifa ma da ita take aiki. Tsawon goyon ciki kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin tsokarta kaɗan ne, kowace ƙwaya tana harkarta. Idan haihuwa ta matso, jiki sai ya ƙera konekzin 43 da yawa, tsokar ta haɗe, ta fara matsawa da ƙarfi ɗaya. Naƙuda ke nan, ga mace ko ga akuyar da ke turke.

Jikin mutum yana da konekzin iri 21, kuma matsala a ɗaya tana iya taɓa gaɓa ɗaya ta bar saura. Konekzin 26 yana aiki a can cikin kunne. Yaron da ya gaji lalatacciyar ƙwayar gadonsa daga uwa da uba duka zai iya zuwa duniya kurma, ko da iyayen suna ji sarai. A ƙauyen Adamorobe na ƙasar Ghana kurame sun yi yawa har garin yana da maganar hannu tasa ta kansa, kuma a 1998 masu bincike suka danganta abin da wannan furotin. Amma kada a yi saurin ɗora kowane kurumta a kan gado: a Arewacin Najeriya sanƙarau da ƙyanda suna cikin manyan masu kashe kunnen yara, kuma dukansu suna da rigakafi.

Masu son agogon zamani su ma abin ya shafe su. Saboda ƙwayoyin zuciya suna kunnuwa tare, wutarsu takan taru har a iya jin ta a fata. Ita ce na'urar ECG ta asibiti ke zanawa, ita ce kuma Apple Watch ya fara aunawa daga samfurin Series 4 na 2018, idan mai shi ya ɗora yatsa a kan maɓallin murzawa da ke gefe. Yawancin agoguna masu araha da ake sarowa a kasuwar Farm Centre ta Kano ba haka suke ba. Koren haske suke haskawa a wuyan hannu su ƙirga kai-komon jini, wasu ma lambar kawai suke ƙagowa.  Wanda zuciyarsa ke tsalle ko dakan uku-uku babu dalili, musamman in da jiri ko ciwon ƙirji, asibitin da ke da ECG ya kamata ya nufa.